Wa Ke Biyan Kuɗin Ciwo? Tarihin Jinya da Tsufa a Ƙasar Ɗan Isa da Arewacin Zamfara



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne wanda babu ko ɗaya daga cikinmu da bai taɓa ɗanɗana shi ba, watau ciwo da abin da ake kashewa a kansa. Galibin masu rubuta tarihin ƙasarmu sun fi mayar da hankali ga sarauta da yaƙe-yaƙe da jerin sunayen sarakuna. Amma tambayar da ke hana magidanci barci da tsakar dare, sa'ad da jikin ɗansa ya yi zafi ko numfashin mahaifinsa ya sarƙe, ita ce: wa zan nufa, da me kuma zan biya shi? Ita ma wannan tambaya tana da tarihinta, gama amsar da kakanninmu suka ba ta dabam take da wadda aka bayar a zamanin En'e, ta zamanin En'e kuma dabam take da ta yau.

Na zaɓi in tsaya a kan yanki guda domin maganar ta zauna a ƙasa. Yankin kuwa shi ne Ɗan Isa, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, tare da maƙwabtanta na Zurmi da Shinkafi. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da auduga da kiwo, wadda gulaben Gagare da Bunsuru suke ratsawa kafin su gangara su zama Gulbin Rima. Tana da fadamu masu albarka, waɗanda kuma su ne matattarar sauro. Tana da rani mai tsawo da ƙura, wanda shi ne lokacin sanƙarau. Abin da nake so in nuna shi ne cewa cikin shekaru kamar 200 da suka wuce magani ya yi ta ƙara inganci, amma nauyin biyansa ya yi ta sauka daga kan jama'a yana komawa kan mutum guda, ranar da ya fi kowace rana rauni.

Kafin Zuwan Turawa

A ƙarni na 19 wannan yanki yana tsakiyar harkokin Daular Usmaniyya. Garin Ƙaura ya samo sunansa daga Namoda, jarumin Alibawa a zamanin jihadi. A Katuru ta ƙasar Shinkafi Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu a 1842, a Ƙaura Namoda kuma Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya rasu a 1891. To, da sarki da talaka, wane irin magani suke samu a wancan zamani?

Da farko akwai magani na gida, wanda kowace tsohuwa ta san shi: jiƙo da tsimi da turare da sirace. Idan abin ya fi ƙarfin gida, sai a nemi mai sana'a. Wanzami shi ke yin ƙaho da sakiya da kaciya da cire beli. Maɗori shi ke ɗora karaya da gyara targaɗe. Ungozoma ita ke yanke cibi da kula da mai jego. Maƙera suna da maganin ƙuna, sarkawa suna da na ƙayar kifi da cututtukan ruwa, maharba suna da na dafi. Ga boka da 'yar mai ganye, ga kuma malami mai rubutu da addu'a.

Malaman jihadi ba su ɗauki ilmin magani da wasa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai da dama a kan ɗibbu, har da wanda ya keɓe ga ciwon ido, da wanda ya keɓe ga basir, da wanda ya yi a kan amfanin filasko. Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi cikin ƙasar Zamfara, shi ma ya yi rubuce-rubuce a wannan fanni. Har ila yau, sa'ad da Baturen nan Kyaftin Clapperton ya ziyarci Sakkwato a 1824, a tafiyar da ya ratsa ta Zurmi, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita wanda zai zo ya zauna. Wannan ya nuna cewa shugabannin wancan zamani sun san iyakar abin da ke hannunsu, kuma ba su ƙi ƙari ba.

Abin lura a nan shi ne yadda ake biya. Kusan kowane gida yana da wanzaminsa na gado, wanda ba a ciniki da shi a kan kowane aiki. Ranar suna yana da rabonsa, da kaka kuma a kai masa dami. Ungozoma tana samun hatsi da wani yanki na naman suna. Malami ana ba shi kafin alƙalami da sadaka gwargwadon hali. Maɗora da yawa ba su yanka farashi, don sun ɗauka cewa sa kuɗi yana karya lagon abin da suka gada. Mai magani kuma sau da yawa yakan karɓi ɗan abu kaɗan da farko, sauran sai an ga sauƙi. Watau dai biya yana bin kakar amfanin gona da ƙarfin mutum, kuma bashin jinya bashi ne tsakanin mutanen da suka san juna.

Kada wannan ya sa mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Maganin yana da sauƙin samu, amma ba shi da ƙarfi a gaban manyan cututtuka. Agana takan shigo gari ta kashe na kashewa, ta makantar da na makantarwa. Ƙyanda da zazzaɓi da gudawa sukan kwashe yara, har ya zama mace ba ta sakin jiki da ɗa sai an yaye shi. Haihuwa idan ta gardama, babu mai iya fiɗa. Wasu al'adun ma, kamar yankan gishiri da yawan shan kunun kanwa a lokacin jego, likitoci sun tabbatar daga baya cewa suna da illa.

Zamanin En'e

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Ƙaura Namoda da Zurmi suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'en Sakkwato. Likitocin farko da aka kawo an kawo su ne domin Turawa da sojoji da ma'aikata. Talakan ƙauye bai shiga lissafi ba sai daga baya. Cikin shekaru 20 na farko ƙasar ta sha wuya ƙwarai: ga yunwar 1914 wadda ake kira Kakalaba, ga murar nan ta 1918 da ta game duniya, ga kuma sanƙarau na farkon shekarun 1920 wanda ya hallaka dubban mutane a Lardin Sakkwato.

Abu biyu ne suka sauya al'amari. Na farko shi ne jirgin ƙasa, wanda ya taso daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙaura Namoda a 1929. Ƙaura ta zama ƙarshen layi, wurin da ake tara gyaɗa da auduga da fatu. Kuɗi suka wadata a hannun manomi, kantuna suka buɗe, maganin kwalba da na ƙwaya ya shiga kasuwa tare da atamfa da kananzir. Tun daga nan magani ya fara zama haja wadda ake saye hannu da hannu a wurin mutumin da ba a sani ba.

Na biyu shi ne ɗakunan shan magani na En'e, waɗanda aka fara bazawa a hedkwatocin gundumomi cikin shekarun 1930. Malamin asibiti guda, da kabad na magani, da littafin rajista, su ne asibitin hakimi da talakawansa. Ga kuma duba-gari da masu lamba da ke zagaya ƙauyuka. Ana ba da magani kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma a lura, wannan kyauta daga baitulmali take fitowa, baitulmali kuwa harajin manomi ne da jangalin makiyayi. Ashe ke nan mutumin Ɗan Isa ya riga ya biya tun da kaka, sa'ad da dagaci ya zo karɓar haraji. Wannan shi ne karo na farko da aka tara kuɗin jama'a masu lafiya aka yi wa marasa lafiya magani da su a tsare. Aibin tsarin shi ne rashin daidaito: kowa yana biyan haraji, amma wanda ke kusa da garin hakimi shi ke cin moriya.

Mishan ma sun shigo ta wannan ƙofa. A ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar S.I.M. ta karɓi kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido a Kano. A daidai wannan lokaci ne magunguna masu ƙarfi suka bayyana: ƙwayar M&B a 1938, wadda ta rage mace-macen sanƙarau, sai allurar fenisilin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ƙwayar dafson wadda ta sa kuturu ya iya shan magani yana zaune a gidansa. Ganin yadda allura guda ke tayar da wanda aka fid da rai da shi, shi ya dasa wa mutanenmu son allura, wanda har yau bai sake su ba.

Daga Mulkin Kai Zuwa 1986

A 1960 matsakaicin tsawon ran ɗan Nijeriya bai wuce shekara 37 ba. Ba wai babu tsofaffi ba ne. Yawan mutuwar ƙananan yara ne ke jawo lissafin ƙasa. Babban abin alfahari na wannan zamani shi ne yaƙi da agana. A 1967 aka fara gangamin lamba a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'aikata suka bi gari gari da bindigar allura, hakimai da dagatai da masu unguwa suka tara jama'a a ƙofar fada da kasuwanni, ba a karɓi ko anini daga kowa ba. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma aka bayyana cewa cutar ta ƙare a duniya. Ɗaliban da ke zaune a nan su dubi damtsen kakanninsu, za su ga tabon wannan aiki.

Da kuɗin man fetur suka shigo, sai gwamnati ta sa shirin kiwon lafiya na farko a cikin tsarin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980. Aka yi gine-gine da yawa, amma horar da ma'aikata da samar da magani ba su bi sawun gini ba. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, suka gaji ɗakunan shan magani na En'e. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. Duk da gibin da ke akwai, wanda ya isa asibitin gwamnati a shekarun 1970 yana iya sa ran kati da gado da magani ba tare da ya sayar da akuyarsa ba.

Zamanin Takardar Magani

Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, a 1986 kuma gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki wanda aka fi sani da SAP. A 1985 dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba. Daga 1986 naira ta fara gangarowa. Da yake mafi yawan magungunanmu da kayan haɗa su daga waje ake sayo su, duk faɗuwar da naira ta yi sai ta bayyana a kan kantar mai magani. Kabad ɗin asibiti ya bushe. Likita ya koma rubuta takarda, majinyaci ya fita ya sayo, har safar hannu da auduga da ruwan ƙari.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da wata dabara, watau a zuba wa kowane ƙaramin asibiti jarin magani, a riƙa sayarwa da sauƙi, a mayar da kuɗin a sake sayowa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kafa kiwon lafiya na matakin farko da rigakafin yara. Amma dabarar Bamako tana da rauni biyu: idan naira ta faɗi, kuɗin da aka tara ba su isa a maye abin da aka sayar, idan kuma riƙon amana ya yi rauni, jarin yakan zurare. Ta haka biya a bakin taga ya zama doka, kyauta ta zama sai an yi sa'a.

Wanda ya cike gurbin shi ne mai kemis. Yana kusa, yana buɗe da dare, yana ba da bashi, yana kuma yanka magani daidai kuɗin da ke hannun mutum. Illar ita ce rabin magani ba ya kashe cuta, sai dai ya koya mata jurewa. Kulorokwin, wanda da shi ne maganin zazzaɓi mai arha, ya daina aiki sosai, har a 2005 Nijeriya ta koma ga sabon haɗin magani wanda ya fi shi tsada. Jabun magunguna kuma suka cika kasuwa, abin da ya sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993.

An yi ta alkawura. A 2001 shugabannin Afirka suka amince a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya. Kasafin tarayyar Nijeriya yawanci tsakanin kashi 4 da 6 yake tsayawa. An yi dokar inshorar lafiya a 1999, aka ƙaddamar da ita a 2005, amma galibin waɗanda ta rufe ma'aikatan tarayya ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci, dokar 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa tare da tanadin asusu domin marasa galihu. Duk da haka, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fita kai tsaye. Bayan janye tallafin mai da sakin naira a 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kamfanin GSK kuma ya sanar tun a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa ta kai tsaye a ƙasar. Kuɗin magani da kuɗin mota zuwa asibiti suka tashi tare.

A gefe guda kuwa, duk inda aka koma ga hanyar da aka bi a kan agana, an ga biyan bukata. Kurkunu, wanda ya kama mutum fiye da 650,000 a Nijeriya a 1988, an ga na ƙarshensa a 2008. Shan inna ya daɗe saboda rashin yarda: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 yana cikin abubuwan da suka sa jama'a ɗari-ɗari, har aka dakatar da rigakafi a wasu jihohi, ciki har da Zamfara, a 2003. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba aka shawo kan abin, a 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Sanƙarau kuwa ya koya mana cewa ba a sakin jiki: rigakafin da aka fara a 2011 ya karya nau'in A, sai ga nau'in C ya ɓulla a ƙasar Zurmi a ƙarshen 2016, kafin tsakiyar 2017 an lissafa mutum 14,518 da ake zaton sun kamu a ƙasa baki ɗaya, 1,166 suka rasu.

Tsufa

Yanzu bari mu juya ga tsofaffi, waɗanda su ne tarihin nan ya fi mantawa da su. A tsarin da, fanshon manomi shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza suna noma babbar gona tare, kowane ɗa yana da gayaunarsa; uba shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa 'ya'ya aure. Idan ƙarfinsa ya ƙare, rumbun da ya cika da ƙuruciyarsa shi ke ciyar da shi. Tsohuwa kuma tana ɗakinta a gidan ɗanta, tana kaɗi, tana renon jikoki, tana da 'yan awakinta. Wanda ba shi da kowa, akwai zakka da sadaka da tuwon maƙwabta.

Gandu ya fara sassautawa tun da kuɗi suka shigo. Gonaki suka yi ta raguwa wajen rabon gado, samari suka saba da cin rani, wasu suka tafi ba su komo ba. Zumunci bai mutu ba, amma ya koma saƙon kuɗi daga birni, wanda yakan zo yakan kuma yanke.

Sa'an nan irin ciwon ma ya sauya. Cututtukan da muka yi ta ambata a baya masu zuwa ne su wuce: ko mutum ya warke ko ya riga mu gidan gaskiya cikin 'yan kwanaki. Na tsufa kuwa zaunannu ne. Hawan jini ba ya ciwo, sai ranar da ya shanye ɓarin jiki ko ya taɓa ƙoda. Maganinsa kuma kullum ne har iyakar rai. Haka ciwon suga. Ga sanyin ƙashi, ga matsalar fitsari ga dattawa maza, ga yanar ido wadda aikin ɗan lokaci kaɗan ke cirewa amma take zaunar da mutum a ɗaki shekara da shekaru. Gidan manomi ya san yadda ake tunkarar jinya ta farat ɗaya: a sayar da rago, dangi su kawo gudummawa. Abin da bai saba da shi ba shi ne kuɗin da za a fitar kowane wata, alhali shi sau ɗaya yake girbi a shekara. Shi ya sa za ka ga dattijo ya sha magani wata guda, ya ji dama, ya ajiye, har sai abin ya kayar da shi. A nan kuɗin da za a kashe ya ninka wanda aka yi gudu, ban da wanda zai bar gona ko makaranta ya zauna jinya, wanda galibi mace ce.

Ma'aikatan da ke saurarona kada su ce wannan matsalar manoma ce. Ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, watau daidai lokacin da waɗannan cututtuka ke sallama, kuma daidai lokacin da abin da ke shigo masa ke raguwa. An sa hannu a kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, amma fanshon da dokokinmu suka tsara galibi na mai albashi ne, bai kai ga yawancin manoma da makiyaya da masu sana'ar hannu ba.

Rashin Tsaro

A kan duk wannan ne matsalar 'yan bindiga ta sauka, tun daga wajen 2011. Idan muka dube ta da idon mai jinya, za mu ga ta ci abubuwa uku. Ta ci dabbobi, waɗanda su ne asusun ajiyar talaka. Ta ci gona, don wanda bai isa gonarsa ba, ko sai ya biya kafin ya girbe, ba ya cika rumbu. Ta kuma ci hanya: daga Ƙaura zuwa manyan asibitocin Gusau tafiyar kamar kilomita 60 ce, amma mace mai naƙuda a ƙauye da dare sai ta jira gari ya waye. Ma'aikatan lafiya da yawa sun bar ƙauyuka sun koma manyan garuruwa. A watan Satumba na 2021 ma an rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar na wani lokaci saboda matakan tsaro.

Sakamakon yana bayyana a jikin yara. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jiha suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka sami kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Wannan a ƙasar da aka san ta da cewa noma shi ne abin alfaharinta. Tsoho kuma da aka raba da garinsa ya rasa gona da maƙwabta da masallacin unguwarsa gaba ɗaya, watau duk abin da tsufansa ya dogara a kai.

Kammalawa

Jama'a, daga wannan tarihi ina ganin za mu iya fitar da darussa huɗu.

Na farko, ba a taɓa yin zamanin da magani ya zama kyauta ba. Dami ne ya biya wanzami, haraji ya biya malamin asibitin En'e, man fetur ya biya asibitin shekarun 1970. Abin da ke bambanta zamani da zamani shi ne lokacin biya da yawan masu ɗaukar nauyin. Mafi munin tsari shi ne wanda muke ciki, inda mutum guda ke biya ranar da yake kwance.

Na biyu, duk tsarin tara kuɗin lafiya da za a yi wa manomi, wajibi ne ya bi kalandarsa. Kakanninmu sun san da kaka ake karɓa. Hukumar da ke son manomin Ɗan Isa ya shiga inshora ta neme shi sa'ad da amfani ke hannunsa, ta hanyar mutanen da ya yarda da su, ta kuma tabbata ranar da ya zo da katinsa zai tarar da magani. Wanda ba shi da abin bayarwa, asusun marasa galihu da hukumar zakka ta jiha su biya masa.

Na uku, abin da aka kai ƙofar gida aka kuma bi ta hannun shugabannin jama'a shi ne ya yi nasara, daga lambar agana har zuwa maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara da damina. Babu abin da zai hana a yi wa hawan jini haka: awo a kasuwa da ƙofar masallaci, da ƙwaya mai arha a ƙaramin asibitin mazaɓa, maimakon dattijo ya hau mota zuwa birni kowane wata.

Na huɗu, zaman lafiya yana gaba da duk wani shirin kiwon lafiya, gama asibitin da ba a iya isa gare shi daidai yake da wanda ba a gina ba.

Ku ma'aikata, ta teburinku kasafi da takardun sayen magani suke bi, ku kuma za ku zama tsofaffin gobe. Ku ɗalibai, ina ba ku aiki: idan kun koma gida hutu, ku zauna da dattawan garinku, da tsofaffin wanzamai da ungozomomi da malaman asibiti da suka yi ritaya, ku tambaye su abin da aka biya, da wanda ya biya, da abin da aka sayar kafin a biya, ku rubuta. Da irin wannan rubutu ne za a gina tsarin da ya dace da mutanenmu.